Ranar da Hoton Alhaji Idrissa Ya Sauko Ƙasa

Jama'ar da ke biye da ni, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, har da masu karantawa a ɓoye a wurin aiki. Yau zan fasa muku abin da na daɗe ina rufewa, wato yadda na kusa wargaza maganar aurena da hannuna. Ba rashin kunya na yi ba, ba kuma wani saurayi na ajiye a gefe ba. Awo ne kawai ban iya ba.

Wanda bai san ni ba, sunana Nazifa, 'yar Alhaji Sale dillalin albasa. A Agege ta Legas aka haife ni, a nan na yi wayo, Yarbanci a bakina kamar Hausa. A shekarar 2002 da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da biyu, na gama makarantar koyon kwamfuta a Isolo, ina aiki a kafen intanet na Oga Isma'ila, wani Bayarabe ɗan Ilori mai sanyin hali, can wajen Pen Cinema. Aikina buɗe wa mutane imel da buga takardu, amma abin da raina yake so shi ne gina shafin intanet. Umma, Hajiya Iyatu ke nan, ba ta taɓa ƙaunar aikin nan ba. Kullum in zan fita sai ta ƙare wa gyalena kallo, ta ja shi ya rufe kafaɗa sosai, ta ce 'ya mace zaune cikin maza tana danne-danne, Allah dai ya kawo Lahadin nan ta huta da bakin mutane.

Lahadin da take nufi ita ce ranar da ƙannen mahaifin Hashimu za su je wurin Baffa Baballe, ƙanin Babana, neman aurena.

Hashimu ɗan Alhaji Idrissa ne, mutumin Galmi ta Nijar, shi ma babban dillalin albasa a kasuwar Mile 12. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya, shi yake kula da motocin mahaifinsa. Ina sonsa, ba zan tsaya yi muku kwana-kwana ba. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, gidanmu guda ɗaya ce tak, ta Baba, tana cikin 'yar jakar fata a aljihun gaban rigarsa. Baba kuwa karatun allo ya yi. Ajami da Larabci yana karanta su kamar ruwa, amma ƙananan baƙaƙen boko na waya ba sa shiri da idonsa, don haka ni ce mai karanta masa saƙo. Da Hashimu ya gano haka, sai saƙonninsa suka ƙara tsawo.

"Motar Galmi ta tsallako Ilela, jibi tana Legas. A gaida mai karatu, a ce mata koren gyalen jiya ya yi."

Sai in karanta rabin farko da ƙarfi, in haɗiye sauran. Baba ya leƙo ya ce ai shi ya ga rubutun da yawa. In ce masa sauran sunan kamfanin waya ne. Ya ce to, ya mayar da ita aljihu. Allah ya yafe mini, na fi wata biyar ina wannan.

Yanzu bari ku ji yadda iyayen namu suke. Shekara da shekaru dillalan albasa 'yan Najeriya suna bayan Baba, 'yan Nijar suna bayan Alhaji Idrissa, ana ta ja-in-ja a kan inda motar wa za ta fara sauke kaya. Da mulkin farar hula ya dawo, kowa a kasuwa ya shiga kafa ƙungiya, sai su ma suka haɗe. Amma aka rasa wanda zai zama mataimakin wani, don haka aka yi shugaba biyu. Kujerunsu na taro kafinta ya yi su sau biyu, don na farko ɗaya ta ɗara ɗaya da kaurin yatsa. Aminai ne, wallahi, tare suke cin tuwo a rumfa, amma kowannensu yana lura da tsayin hular ɗan'uwansa.

Da 'yan tumatir suka buga kalanda da adireshin intanet a ƙasanta, sai 'yan albasa suka ce su ma sai an yi musu. Ba wanda zai sayi albasa ta kwamfuta, kowa ya sani, amma a ce 'yan tumatir sun riga su? Aka ba ni aikin. Sharaɗi ɗaya aka kafa mini, kuma kowannensu ya kira ni gefe ya maimaita shi: a can saman shafi, hotunansu biyu su tsaya a layi ɗaya, sunan ƙungiya a tsakiya, kada wani ya ɗara wani ko da tsinin hula.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, shafi kamar ɗakin amarya yake. Akwai kayan ɗakin, wato rubutu da hotuna, akwai kuma mai jere, wadda ke cewa wannan ya tsaya nan, wancan ya matsa can. Mai jeren nan ita ake kira CSS, ɗan fayil ne daban. A lokacin yawancin masu gina shafi tebur suke zanawa su cusa komai a cikin gidajensa, amma ni na karanta cewa wannan tsohon yayi ne, kuma ina ji da kaina. Na ce da CSS zan yi. Akwai wani umarni a cikinta, float, da ke tura abu gefe ɗaya don na bayansa ya zo ya tsaya kusa da shi. Na tura komai dama: hoton Baba da jar dararsa, sai sunan ƙungiya mai tsawon tsiya, sai hoton Alhaji Idrissa da farin rawaninsa a ƙarshen hagu. Suka jeru ras.

Har da wata dabara na yi da na dinga yaba wa kaina. Baba daga dama idonsa ke fara karatu, don haka da ya zo kafe ya ga kansa a dama, sai ya gyara babbar riga ya ce yarinyar nan ta san abin da take yi. Alhaji Idrissa kuwa lakwal ya yi, makarantar boko ta Faransanci, daga hagu yake farawa. Da ya zo washegari ya ga kansa a hagu, ya shafa gemu ya ce madalla. Kowa ya tafi gida yana ganin shi ne na farko. Duk a kan sabon babban allon Oga Isma'ila na nuna musu. Na ɗora shafi a intanet ranar Litinin, na sayi tsire na kai wa Umma, ina tafiya ina jin kamar ni na ƙirƙiro wutar lantarki.

Ranar Laraba da safe wayar Baba ta yi ƙara. Na karɓa ina gyara murya.

"Akwai matsala. Baba ya ga shafi a Ojota."

Shi ke nan. Ba mota, ba gaisuwar mai karatu. Na dake na ce wa Baba wai Hashimu ne yake cewa an ga shafi.

Kafin azahar sai ga Hashimu a kafe, ya sauko daga okada, farar shaddarsa duk ƙura. Bai zauna ba. Ya ce mahaifinsa ya yi baƙi uku daga Tawa ta Nijar, manyan 'yan kasuwa, sai ya ɗebe su zuwa wani shagon kwamfuta a Ojota don ya nuna musu inda ƙungiya ta kai. Aka buɗe shafi. Ga Alhaji Sale a sama da sunan ƙungiya a gefensa, ga Alhaji Idrissa shi kaɗai a ƙasa, daidai ƙarƙashin gemun Babana. Ɗaya daga cikin baƙin, cikin ladabi kuwa, ya tambaya ko Alhaji ne mataimaki. Alhaji ya ɗebe baƙinsa suka koma kasuwa. Da yamma ya kira ƙannensa ya ce a dakata da zancen Lahadi, tunda ɗiyar gidan ta riga ta nuna inda ta ajiye shi.

Na ce ƙarya ne, ba zai yiwu ba. Na buɗe shafin a gabansa, ga su nan a jere kamar yadda na bar su. Ya ce shi ma yana wurin, da idonsa ya gani. Na ce to idonsa ne. Ya ce Nazifa, ubana ne fa. Ran nan muka fara faɗa tun da muke, ƙasa-ƙasa don kada masu duba imel su ji, ni ina zuba Turanci da Yarbanci, shi yana mayar mini da Faransanci, ba mai fahimtar rabin abin da ɗaya ke faɗa.

Oga Isma'ila yana jinmu. Ya tashi ya shiga sito ya kinkimo wani tsohon ƙaramin allo da ya yi ƙura, ya hure shi, ya jona a wata kwamfutar. Ya ce, "Oya, buɗe a nan."

Na buɗe. Hoton Baba ya fito, sunan ƙungiya ya fito, sai farin rawani ya bayyana a ƙasa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har kunnuwana suka yi zafi.

Abin ba wani asiri ba ne. Faɗin allo da ɗigo ake auna shi. Ni na yanka kayana daidai da allo mai ɗigo ɗari takwas ko fiye, hoto ɗari da hamsin, suna kusan ɗari biyar, hoto ɗari da hamsin. Tsofaffin allo irin na Ojota ɗari shida da arba'in ne. Ita kuwa float ba ta san Alhaji ba, ba ta san shugaba ba. In wuri ya ƙure, wanda aka rubuta a ƙarshe shi take saukewa layi na ƙasa. A makaranta an gaya mana a gwada shafi a allo daban-daban. Ranar ina jin hira nake yi.

Hashimu ya dube ni, fushin ya sauka, har ya so ya yi dariya ya fasa. Ya ce yanzu mi za a yi. Na ce gyaran shafi minti goma ne. Ya ce gyaran zuciyar tsohon nasa fa? 

A gida, da Baba ya ji labari, abin da ya fara yi dariya ce, har da buga ƙafa, ya ce a sake gaya masa abin da baƙon ya tambaya. Sai da Umma ta ce masa an dakatar da Lahadi sannan ya ɗaure fuska. Ya ce shi ya ce hoto ya sauko? Shi ba zai je ba kowa haƙuri a kan laifin na'ura ba, in sun fasa su suka sani, 'yarsa ba ta rasa masu so ba. Umma kuwa ta riga ta soya cincin cike da bokiti biyu, ta karɓo sabon leshinta daga tela. Ta dube ni ta ce dama ta faɗa, abin da ake danna shi da yatsa goma ba ya barin mutum lafiya. Na shiga ɗaki na yi kukana, ba na ɓoye muku.

Alhamis da sassafe na gyara. Na rage girman sunan ƙungiya, na ɗaure su ukun cikin akwati ɗaya mai faɗin ɗigo ɗari shida, yadda ko allo ya ƙanƙance ba mai zamewa. Na gwada a babba, na gwada a ƙarami, na roƙi Oga ya kira wani abokinsa mai shago a Ojo ya buɗe ya gaya mana abin da ya gani. Ko'ina daidai. Amma Alhaji Idrissa ya ce ba zai sake kallon kwamfuta ba. In an gyara yau, ai don an ga ya yi fushi ne.

Nan na gane ba gyararren shafin zan nuna masa ba, ɓataccen zan nuna masa. Na ce wa Hashimu ya gaya masa ma'aikaciyar ƙungiya tana roƙon shugaba ya zo ya ga yadda kuskuren ya faru, in ya ga da gangan ne ya karɓe aikin. Hashimu ya ce kin san abin da kike yi kuwa, gaban surukinki za ki zauna. Na ce ai bai zama ba tukuna, kuma in ban zauna ba ba zai zama ba.

Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Umma da kanta ta zaɓa mini hijabi mai ruwan toka har ƙasa, ta hana ni ko kwalli. Ya shigo da rawaninsa da carbi a hannu, Hashimu a bayansa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ya ce shi shugaban ƙungiya ne ya zo, ba uban kowa ba. Na ajiye allo biyu gefe da gefe, na buɗe tsohon shafin a duka biyun. A babba suna jere, a ƙarami ya sauko. Ya daɗe yana kallon wannan yana kallon wancan. Na yi masa bayanin faɗi da ɗigo, kaina a sunkuye.

"Na ji wuri ya ƙure," ya ce. "To mi ya sa ni na hwaɗi, ba shi ba?"

"Wanda aka rubuta a ƙarshe shi ke sauka, Alhaji."

"Wa kika hwara rubutawa?"

Hashimu yana bayansa yana girgiza mini kai a hankali. Na san abin da yake nufi, in ce kwamfuta ce ke zaɓa, wa zai ƙaryata ni? Ni ma bakina ya ɗauko hakan. Amma mutumin nan a gaban baƙinsa aka kunyata shi, ya kuma tako har nan. Na ji ba zan iya ƙara masa da ƙarya ba.

"Babana," na ce.

 Oga Isma'ila ya shiga goge teburin da ba datti.

"Hm," Alhaji ya ce. "Da ni aka ba aikin, da nawa uban zan hwara." Bai yi murmushi ba. Ya ce in nuna masa sabon.

Na buɗe a ƙaramin allon. Suka fito a jere. Ya tambaya a ina na samo wurin, na ce daga tsakiya na rage, ban taɓa hoton kowa ba. Sai ya miƙe carbinsa, ya ja zaren ya ɗora a kan gilashin allon, daga saman hotonsa zuwa saman na Baba, ya kanne ido ɗaya yana dubawa kamar magini. Ya sake aunawa ta ƙasa. Sannan ya naɗe carbin, ya ce Allah shi yi ma aiki albarka, ya fita. Aiki ya ce, bai ce ni ba. Hashimu ya waiwayo daga bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, alamar shi ma bai san inda aka kwana ba.

Asabar ta yi mini tsawo. Umma ta ce in ba a zo ba cincin ɗin nan ni zan cinye shi ni kaɗai. Bayan la'asar Baba yana zaune a tabarma a baranda da rediyonsa, ni ina tsince shinkafa a faranti, sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zaro ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Lambar ba ta Hashimu ba ce. Ta mahaifinsa ce.

Na karanta a zuci, kunya ta rufe ni. Ku faɗa mini, wace 'yar Hausa ce aka taɓa sa ta karanta wa ubanta irin wannan da bakinta?

"Ina jinki," Baba ya ce.

"Wai... Alhaji Sale, ƙannena na tahe gobe bayan la'asar wurin Malam Baballe, su nema ma Hashimu aure."

"Auren wa?"

Na sunkuyar da kai. A kicin na ji ludayi ya daina motsi.

"Ban ji ba. Auren wa?"

"Auren Nazifa," na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Umma ta saki wata 'yar guɗa ta toshe ta da hannu. Baba ya gyara zama, ya ce ya ga rubutun da saura, in ƙarasa, yau kam ya san ba sunan kamfani ba ne. Ashe duk watannin nan ya sani. Na rufe rabin fuskata da gyale na karanta: "A gaida mai karatu, a ce mata awo ya yi daidai."

Daɗi ya kama ni har faranti ya kusa suɓucewa daga cinyata. Baba ya ce in rubuta masa Allah ya kai mu. Na danna baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.

"Kada ki aika tukuna," ya ce. Ya miƙa hannu ya kashe rediyo. "Jiya a masallaci wani malamin makaranta yake ce mini ya ga shafinmu. Ya ce su masu boko daga hagu suke fara karatu, kuma duk duniyar kwamfutar nan masu boko ne." Ya juyo ya dube ni sosai. Fuskarsa a ɗaure take, amma gemunsa yana ɗan motsi, na kasa gane dariya yake dannewa ko faɗa. "Nazifa, ni da kika ajiye a dama, na farko ne ko na ƙarshe?"

Saƙon yana hannuna a rubuce, babban yatsana a kan maɓallin aikawa, Umma ta fito ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, Baba kuwa yana jiran amsa.